Dutse mai aman wuta a tsakar gida: yadda aikin ke tafiya

Asabar, 14 ga Disamba, 2024

An fara tara kaya. Aikin na yara ne 'yan shekara 7 zuwa 12, da babba ɗaya a kansu, kuma an tsara shi ya ci hutun makaranta. Abu biyu ake son samu: ƙaramin dutse da zai yi amai sau goma ko fiye bai jiƙe ya zube ba, da littafin awo da yaran za su cika da hannunsu. Littafin ne gaba. Jan kumfa kowa zai iya tayar da shi cikin minti biyar, amma yaron da ya san nawa ya zuba, me ya canja, me ya biyo baya, shi ne ya yi kimiyya.

Abin da ya samu yau: gorar lemo ta roba mai cin santilita 35 guda biyar, iri ɗaya, babbar gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, falankin katako guda biyu, santimita 60 kowane gefe, babban kwali, tsofaffin jaridu, fulawa, gishiri da salatif, yumɓu bokiti ɗaya daga wurin masu ginin tukwane, yashi mai laushi, farin ruwan khal, wato binega, lita biyu, bekin soda, sabulun ruwa na wanke-wanke, kalar abinci ja, mazurari, sirinji mai cin mililita 20, ba allura, balan-balan. Jaridun an bi su shafi-shafi, duk wanda ke ɗauke da aya ko sunan Allah an ware shi gefe.

A kula a shago: bekin soda daban, bekin hoda daban, ko da yake duka fararen gari ne kuma kusa da juna ake ajiye su. Bekin soda zallan sinadarin da muke so ne. Bekin hoda kuwa gauraye ne, akwai sitaci a ciki da nasa busasshen tsamin, sodar da ke ciki ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin uku ba. Wanda ya saye shi bisa kuskure zai ga ɗan kumfa mai sanyin jiki ya ɗauka gwajin ne bai yi ba. Ruwan khal kuma a karanta jikin kwalbar. Namu kashi 5 cikin ɗari ne, kuma duk lissafin da ke ƙasa a kansa aka gina shi.

Ba sikeli a gidan, don haka da cokali za a auna. Cokalin shayi na soda, an shafe kansa da bayan wuƙa, kusan giram 5 ne. Ba a tula shi. Ruwa kuma an auna da sirinji an ja layi da biro a jikin wani kofin roba a mililita 50, 100 da 150.

Lahadi, 15 ga Disamba, 2024

Za a gina duwatsu biyu, ɗaya na takarda ɗaya na yumɓu, don a ga wanda ya fi juriya.

Siffa tukuna. Gorar ta auna santimita 18 a tsaye. Yawancin masu wannan aiki sukan manna takarda dab da jikin gora, sai abin ya fito tsololo kamar malafa, kumfan ya faɗo ƙasa cikin ƙiftawar ido. Manyan duwatsu masu aman wuta, har waɗanda ake gani tsaye ƙiƙam a hoto, gangararsu ba ta cika wuce digiri 30 zuwa 35 ba. Da tsayin santimita 18, in aka ba gindi faɗin santimita 50, wato 25 daga tsakiya zuwa baki, gangarar za ta tsaya kusan digiri 36. Ya isa. An zana da'irar da zare da ƙusa da fensir.

Dutsen takarda an yi shi yadda za a riƙa ɗaga shi kamar murfin akushi, saboda bayan kowane amai dole a zubar da abin da ya rage a wanke gora. An yanke kwali da'ira, an huda tsakiyarsa rami mai faɗin santimita 9. An yanke babbar gorar a tsayin santimita 16 daga kafaɗarta zuwa ƙasa, an kuma datse bakinta yadda ramin zai shige wuyan ƙaramar. Ta zama riga ke nan: tana manne da kwali, ƙaramar gora na shiga ta ƙasa, bakinta na leƙowa sama. A wuyan ƙaramar an sa zoben roba da aka yanko daga tsohon tiyub ɗin keke, don kada kumfa ya bi ta tsakanin gororin biyu ya shiga cikin dutsen. Daga nan aka dunƙule jaridu curi-curi, aka jera kewaye da rigar, manya a ƙasa ƙanana a sama, aka ja salatif daga wuya zuwa bakin kwali kamar igiyoyin tanti. An bar kwarurruka biyu da gangan, yatsa biyu faɗinsu, hanyar da aman zai bi.

Na yumɓu ba a cika shi da laka ba. Mazubi mai wannan girma ya kusa lita 12, in zallan yumɓu ne ya haura kilo 20, kuma cikinsa ba zai bushe ba har hutu ya ƙare. An yi masa ciki da dunƙulallun jaridu, aka lulluɓe da yumɓu mai kaurin santimita biyu, gorar na tsaye a tsakiya.

Talata, 17 ga Disamba, 2024

Gam ɗin fulawa: kofi ɗaya na fulawa, kofi biyar na ruwa. An dama fulawar da kofi ɗaya mai sanyi har gudaji suka mutu, aka zuba cikin sauran huɗun da ke tafasa ana juyawa kamar talge, minti uku aka sauke. Da ya huce aka sa gishiri babban cokali biyu, yana rage saurin fumfuna. Jarida da hannu ake yaga ta, faɗin yatsa biyu, ba da almakashi ba, don bakin yagaggiyar takarda ya fi kwanciya a kan 'yar'uwarta. A tsoma, a zare ta tsakanin yatsu biyu gam ɗin ya zube, a shimfiɗa. Shimfiɗa ta farko a tsaye, ta biyu a kwance, ta uku a karkace. A nan ake tsayawa sai ya bushe.

Jiya gefe ɗaya ya sha shimfiɗa biyar a zama guda. Yau da safe samansa ƙayau, amma in aka danna sai yatsa ya nutse, kuma ya fara warin tsami. Hunturu ne ya yi mana haka: iskar ta busar da fatar waje da wuri ta rufe danshi a ciki. An ɓare shimfiɗa biyu na sama, an huhhuda wurin da tsinke, an ajiye shi inda iska ke kaɗawa. Kwalin gindi shi ma ya ɗan kantare, domin fuska ɗaya ce ta jiƙa. An danne bakinsa da duwatsu shida a kan falanki.

Da dare a kife masa kwando a ɗora nauyi, ko a ɗaga shi sama. Ga ɓera da kyankyaso wannan ba dutse ba ne, abinci ne.

Alhamis, 19 ga Disamba, 2024

Dutsen yumɓu ya tsage. Tsagu huɗu, duka daga bakin gora suka faro suka gangaro kamar an yanka kankana. Dalilin a fili yake: yumɓu na tsukewa in yana bushewa, gorar roba kuwa ba ta tsukewa, to da lakar ta matse ta ba ta sami wurin tafiya ba sai ta ɓalle a inda ta fi siranta. Ga shi an bar shi a rana, waje ya riga ciki bushewa.

An fasa an sake, bisa shawarar da duk mai ginin tukwane ko magini zai bayar. Yumɓu awo biyu, yashi mai laushi awo ɗaya, ƙaiƙayi tafi biyu a kowane bokiti, aka cuɗa da ƙafa. Yashi na rage tsukewa, ƙaiƙayi na riƙe laka kamar yadda ciyawa ke riƙe tubali. An naɗe gorar da jarida ninki shida don lakar ta sami abin da za ta matsa, aka kuma ƙara kaurin yumɓu a wuya ya kai santimita uku. Yanzu yana inuwa, an rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, za a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan. Kwana biyar zuwa bakwai zai ɗauka, kuma ba a gaggauta shi.

Na takarda ya karɓi shimfiɗa uku na biyu. Shida ke nan. In aka ƙwanƙwasa yana amsawa kamar ƙwarya.

Asabar, 21 ga Disamba, 2024

Yau ba a taɓa duwatsun ba. Duk gwajin haɗi a tsurar gora ake yinsa, a kan babban faranti, don kada a ɓata ginin da haɗin da bai yi ba.

Abin da ke faruwa shi ne, tsamin da ke cikin ruwan khal na haɗuwa da soda su ba da ruwa, da wani gishiri mai narkewa, da iskar kabon dayoksaid, wadda ke cikin lemon kwalba. Lissafinsu tsayayye ne. Giram 60 na tsamin na cinye giram 84 na soda, su fitar da giram 44 na iskar, wadda a zafin ɗaki ta kai kusan lita 24. Mililita 100 na ruwan khal ɗinmu na ɗauke da tsami kusan giram 5. Ke nan abin da zai iya ci giram 7 ne na soda, cokalin shayi ɗaya da rabi, ya ba da iska kusan lita biyu. Lita biyu daga ruwan da bai cika rabin kofi ba, a cikin gorar da sauran wurinta bai wuce kwatan lita ba. Tura ke nan.

Don yara su gani da idonsu, an jera gora huɗu, kowace da mililita 100 na khal. An hura balan-balan huɗu an sace su don su saki jiki, aka ɗura musu soda ta mazurari: rabin cokali, cokali ɗaya, ɗaya da rabi, cokali uku. Aka sa bakin kowace a bakin gora, aka ɗaga a hankali garin ya zuba. Kafin nan kowane yaro ya rubuta wadda yake ganin za ta fi girma, kuma ba abin mamaki ba ne a ce ta huɗu, tunda ta fi soda. Ta farko ta ɗan miƙe, ta biyu ta fi ta, ta uku ta fi ta biyu. Ta huɗu kusan kai ɗaya da ta uku, ga farin gari kwance a gindin gora bai narke ba. Tsamin ya ƙare, sauran sodar ba ta da abokin aiki. An ƙara mata khal ta sake tashi, wannan ya tabbatar.

An zagaya kowace balan-balan da zare an auna a rula. Iska lita biyu a ƙwallo mai zagaye sosai za ta ba da zagayen kusan santimita 49. Ta uku ba ta kai ba, kuma dalilan sun shiga littafi: wata iskar na zama narke a cikin ruwan, wata ta zauna a cikin gora, robar na matse wadda ta shiga, wata kuma ta sulale ta baki.

A taɓa gindin gora bayan an gama. Sanyi za a ji. Haɗin na zuƙar zafi daga ruwan ne, ba ya fitar da shi. A riƙe wannan, za a dawo kansa.

Lahadi, 22 ga Disamba, 2024

Ba sabulu, iskar na fashewa a saman ruwa ta tsere. Gorar ta yi fuu sau ɗaya, ta ɗan tofar, shi ke nan. Sabulu ne ke kama iskar ya mai da ita kumfa. An gwada cokalin shayi ɗaya na sabulun ruwa, kumfa ya fito mai laushi ya ci gaba da kwarara. An gwada babban cokali biyu, sai ruwan ya yi kauri, soda da khal suka kasa haɗuwa da sauri, aman ya zo a makare. Cokalin shayi ɗaya aka tsayar.

Omo bai dace ba. Garin wanki yakan ƙunshi sinadari ɗan'uwan kanwa, shi ma cin tsami yake, sai ya rikita lissafi. Sabulun sanda da sabulun salo sun fi muni: tsami na kashe su, su tsinke su zama gudaji-gudaji masu maiƙo, kumfa ya mutu.

Zafi: khal da ya kwana a sanyin hunturu a hankali yake aiki. Wanda aka tsoma kwalbarsa cikin ruwan ɗumi na minti goma, ɗumin da hannu ke jurewa, ya tashi da ƙarfi ya gama da wuri. Iskar kusan ɗaya ce, saurin fitarta ne ya bambanta. Kada a tafasa khal, tururinsa na shiga ido da hanci.

Sai tsarin zubawa, inda aka fi yin ɓarna. In busasshiyar soda ce a gora aka zuba khal ta mazurari, kumfan farko na tasowa ya toshe mazurarin tun rabin khal bai shiga ba, ya dawo wa mai zubawa a hannu. In khal ne a ciki aka ƙunshe soda a tishu aka jefa, ana samun 'yan daƙiƙu na ja da baya, amma tishun kan taso ya tsaya a wuya, ya toshe, sannan ya fito da fesi. Hanya ta uku ta fi: a dama soda da ɗan ruwa tun a cikin gora, a zuba khal da kofi mai baki, ba mazurari, a zubi ɗaya.

Haɗin da aka tsayar wa gorar santilita 35: soda cokalin shayi biyu, ruwan ɗumi mililita 40, sabulun ruwa cokalin shayi ɗaya, kala ɗigo takwas. A juya gorar a hankali, kada a girgiza. Sannan khal mililita 150. A lissafi iska kusan lita uku ce.

Talata, 24 ga Disamba, 2024

Fenti. Kalar ruwa ta 'yan makaranta wankewa za ta yi a aman farko, don haka fentin mai aka shafa wa na takarda, shafi biyu, kwana ɗaya tsakaninsu, a waje saboda wari. An bi bakin dutsen, da kwarurrukan nan biyu, da bakin kwali sama da ƙasa, domin nan ruwa ke kwanciya. Tun fentin na ɗanye aka barbaɗa yashi a gangara, ya ba shi kamar dutse, kuma zai riƙa rage gudun kumfa.

Asabar, 28 ga Disamba, 2024

Aman farko a dutsen takarda. An shimfiɗa leda a ƙasa, saboda khal na cin siminti sannu a hankali ya bar tabo. Kumfan ya cika wuya, ya yi tozo a baki kamar nono ya taso a wuta, ya rabu biyu ya bi kwarurrukan har gindi. Da aka ɗaga dutsen cikinsa a bushe yake, zoben tiyub ya yi aikinsa. Aibi ɗaya: launin ya fito fari-fari ja, ba ja sosai ba, don kumfa iska ce mafi yawa, tana dusashe kowace kala. Ɗigo goma sha biyar ya gyara.

Daga nan aka juya ga kayan madafa, don gidan da ba khal ba soda shi ma ya iya yi. Ruwan lemon tsami da aka tace ya yi aiki kusan kamar khal awo da awo, sai dai yana cin lemo da yawa. Tsamiya sai an jiƙa ta da kauri an tace da rariya mai laushi. Ta fi sanyin tashi, kumfanta ruwan ƙasa ne mai kauri, wanda a ido ma ya fi kama da taɓo mai gangarowa.

Kanwa ta ɗauki lokaci. Duk mai girki ta san in aka jefa kanwa a miyar yakuwa takan yi kumfa tsamin ya mutu. Haɗin nan ne dai. Amma kanwa ba zallan soda ba ce. Akwai sodar a ciki, akwai wani ɗan'uwanta da ke cin tsami ninki biyu kafin ya saki iska, ga yashi da gishiri. Saboda haka da tsami iri ɗaya iskar da take bayarwa ba ta kai ta bekin soda ba, kuma takan yi jinkirin farawa. Dunƙulalliya ba ta yin komai sai 'yan ƙwayoyin iska. Sai an daka ta lilis, an tankaɗe, an jiƙa da ruwan ɗumi, an kuma ƙara tsamin da kusan rabi.

Zoɓo ya ba da darasin da ba a shirya ba. An sa shi a madadin kala don ja ne, yana haɗuwa da ruwan soda ya rikiɗe ya yi duhu, da kanwa kuwa ya koma kore-kore. Launin zoɓo na bin tsami: ja ne a cikin tsami, yana juyewa in tsamin ya mutu. A matsayin kalar amai bai yi ba. A matsayin ma'auni ya yi ƙwarai: a ɗiga shi a ruwan da ya rage a gora, in ya tsaya ja akwai sauran khal, in ya yi duhu soda ce ta yi yawa. Ya sami shafinsa a littafi. Yana rina tufafi, a sa tsofaffin kaya.

Litinin, 30 ga Disamba, 2024

Yau zaman bayani ne, kan inda dutsenmu ya yi gaskiya da inda ya saɓa.

Inda ya saɓa: namu sanyi yake, kuma haɗa sinadari biyu muka yi. A dutsen gaske ba a haɗa komai, ba kuma abin da ke ci da wuta. Dutse ne ya narke a can ƙasa, baƙin nan mai ruwa-ruwa yakan fito da zafin digiri 1,000 zuwa 1,200 a ma'aunin Salshiyas, yana ja kamar ƙarfe a maƙera. Sunan aman wuta daga wannan jan ya samo asali.

Inda ya yi gaskiya: iska ce ke tura shi. Narkakken dutse na ɗauke da tururin ruwa da kabon dayoksaid narke a jikinsa, nauyin ƙasa ya danne su. In ya taso dannin ya ragu, iskar ta fito ta zama kumfa, ta kumbura, ta yi sama da shi. An nuna wannan da gorar lemo mai gas: a rufe ba a ganin komai, an girgiza an buɗe a tsakar gida ta feso. Wannan ya fi soda da khal kusa da gaskiya.

Me ya sa wani dutsen ke malala wani ke fashewa? Kauri. An jingine faranti, aka ɗiga cokali ɗaya-ɗaya na ruwa, man gyaɗa, koko da zuma a layi ɗaya, yara na ƙirga lokacin da kowanne ya kai ƙasa. Sannan aka hura iska da tsinken shan lemo a kofin ruwa da kofin koko mai kauri da ya huce. A ruwa iskar na wucewa salin-alin. A koko takan taru ta yi ƙululu ta fashe ta fantsama, kamar talge in ya yi kauri yana tsalle yana ƙona hannun mai tuƙi. Narkakken dutsen Nyiragongo a Kwango ruwa-ruwa ne ƙwarai, shi ya sa a Janairun 2002 ya malalo da gudu ya ratsa birnin Goma, ya kuma sake amai a Mayun 2021. Na Dutsen Kamaru a 1999 ya gangaro har ya datse hanyar bakin teku a Bakingili, yamma da Limbe. Pinatubo na ƙasar Filifin kuwa nasa mai kauri ne, ya riƙe iska har ya fashe a Yunin 1991, tokarsa ta haura sama kilomita da dama.

An kwaikwayi mai kaurin da ƙara koko babban cokali uku a ruwan soda. Aman ya fito a hankali, dunƙule-dunƙule, ya tsaya a rabin gangara. Wanke gora bayansa aiki ne.

A taswira an nuna wa yaran cewa abin ba na nesa kaɗai ba ne. Tudun Biu a Borno cike yake da tsofaffin duwatsun da suka daɗe da mutuwa, tafkin Tila ma a bakin ɗayansu yake zaune. Akwai irinsu a Filato wajen Panyam da Kerang, ga Emi Kusi mai tsayin mita 3,415 a tsaunukan Tibesti na Cadi.

Alhamis, 2 ga Janairu, 2025

Gwajin kyandir, babba ne ke riƙe da ashana. An kafa guntun kyandir a gindin kofin gilashi an kunna. A jug mai zurfi aka haɗa soda cokali biyu da khal mililita 150, ba sabulu, aka rufe da faifai har kumfa ya kwanta. Aka karkata jug ɗin a bakin kofin kamar ana zuba ruwa, ba a bar ko ɗigo ya zuba ba. Wutar ta mutu nan take. Kabon dayoksaid ta fi iskar da muke shaƙa nauyi da kusan rabi, tana kwanciya a ƙasa, tana zubuwa kamar ruwa, ba launi ba wari. Karon farko bai yi ba saboda iskar hunturu ta kwashe ta. Sai da aka koma zaure aka rufe ƙofa ɗaya.

Manyan yaran an gaya musu abin da ya faru a tafkin Nyos na arewa maso yammacin Kamaru, wanda ke cikin bakin tsohon dutse. Iskar nan ta daɗe tana taruwa narke a ƙasan ruwan. Daren 21 ga Agusta, 1986 ta ɓalle gaba ɗaya, ta bi kwaruruka ta kwanta a kan ƙauyuka, mutum fiye da 1,700 suka rasu da dabbobi dubbai. Daga 2001 aka fara kafa bututu a tafkin yana fitar da iskar kaɗan-kaɗan. Abin da aka zuba a kofi bai kai ya cutar da kowa ba, amma shi ne dai.

An rubuta dokoki huɗu a bangon littafin da babban baƙi. Ba a rufe gora da murfi bayan an haɗa, fashewa za ta yi. Ba a leƙa bakin dutse; in ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa. Khal ko lemon tsami ba sa haɗuwa da bilic, irin su Hypo da Jik, domin iska mai guba suke fitarwa. Kabaid ɗin masu walda da ruwan batir ba su da wuri a wannan aiki ko kusa: na farko iska mai kama wuta yake bayarwa in ya taɓa ruwa, na biyu yana cin fata.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Dutsen takarda ya yi amai tara. Bakin kwali ya fara laushi a ƙarshen kwari ɗaya, inda kumfa ke taruwa; an goge, an shanya, zai sha fenti na uku. Na yumɓu ya bushe da 'yar tsaga ɗaya siririya, an cike ta da ruwan laka. Ba a gasa shi ba, don haka ruwa na taɓa shi zai koma taɓo. Sai ya sha fentin mai shafi biyu kafin a gwada. Tunda ba ya ɗaguwa, da sirinji da tiyo za a riƙa zuƙe abin da ya rage a gorarsa.

Ana kan gwada zuba khal daga gefe. An huda kafaɗar wata gora da ƙusa mai zafi, an zura sabuwar robar ƙarin ruwa har gindi, ɗaya bakin ya bi ta ƙarƙashin kwali ya fito waje. Kowane turi na mililita 20 na ba da ɗan amai, a tsaya, a sake turawa ya sake tashi, kuma hannun yaro na nesa da baki. Matsala biyu suka rage. In aka cire sirinji don a sake cika shi kumfa na biyo tiyo, sai an murza maƙullin robar tukuna. Ramin kafaɗa kuma yana yoyo, gam ɗin da aka sa bai kama jikin gora ba. An kankare wurin da sanfefa an sake shafawa, an bar shi ya kwana biyu. Ranar Litinin za a cika gorar da ruwa zalla a gani ko ya riƙe.